Tukunyar Jego a Bakin Dajin Rugu

A Wagini, da sauran garuruwanmu na ƙasar Batsari da Safana, ba sai an yi shela ake sanin gidan da ake sa ran ƙaruwa ba. Itace ne ke tona asiri. Ciki na kai wata bakwai maigida zai fara tara shi, yau dami ɗaya, jibi biyu, har ya zama tsibi a bayan ɗaki. Matar ba za ta ce komai ba, shi ma haka, kunya ta hana. Amma duk wadda ta shigo ta ga tarin ta gane, sai ta ce Allah ya raba lafiya. Itacen nan aikinsa ɗaya ne: dafa ruwan wankan jego, safe da yamma, har kwana arba'in. Mu da muke zaune a bakin dajin Rugu ba mu taɓa ɗaukarsa da nauyi ba, tunda daji a bayan gida yake. Mutanen birni ne ke lissafin kuɗin itacen jego.

Ga yadda abin yake, saboda waɗanda suka tashi a gidan famfo da risho. Ana ɗora babbar tukunya, ko rabin ganga a zamanin nan, a hura mata wuta har ruwan ya tafasa. Mai jego ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, wata tsohuwa ta kama damin ganye tana tsomawa tana fyaɗa mata a baya, a ciki, a cinyoyi, har tururi ya rufe su duka biyun. In an gama a ɗaure mata ciki da zane, a miƙo mata kunun kanwa mai zafi. Sai ƙauri, sai gasasshen nama da yajin jego, sai fura. A wasu gidajen akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, a nan za ta kwanta, ɗaki a rufe. In haihuwar fari ce, a gidan iyayenta ake yin wannan duka, kuma wankan kan zarce arba'in, ya kai wata uku ko huɗu.

Dalilin da kakanninmu suka bayar kalma ɗaya ce: sanyi. A ganinsu haihuwa na barin jikin mace ɗanye, a buɗe, shi ya sa muke cewa ɗanyen jego. In sanyi ya samu ƙofa ya shiga, sai kumburi, sai ciwon gaɓoɓi, sai jiki ya ƙi komawa yadda yake. Maganinsa a gasa jikin. Kanwa kuma, in ji su, tana wanke ciki, ta koro jinin biƙi, ta kawo ruwan nono. Matar da ta fito daga arba'in ta yi ɓul-ɓul, fata na sheƙi, sai a ce ta gasu, a yaba wa uwarta. Wadda ta fito a rame kuwa, gorin a kan mijinta da danginsa yake sauka.

Al'adar tsohuwa ce. Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga littafin a 1954. Ita Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta bayyana wankan da kunun da zaman gidan iyaye kamar yadda ta gan su tun kafin zuwan Turawa, kuma duk wata tsohuwar Wagini da aka karanta wa wannan wurin za ta gane gidansu a ciki. Sai dai tsufan al'ada bai hana ta sauyawa ba. Ganyen bedi, wanda Kanawa ke kira darbejiya, shi ne yau aka fi sani da wankan jego, har wani zai rantse tun kaka da kakanni da shi ake yi. Alhali bishiyar daga Indiya take, a zamanin Turawa ta shigo mana, wajen 1928 aka fara dasa ta a Borno. Kafin ita da ganyen tsamiya da runhu da sabara ake yi. Tsofaffin mata sun ga sabon ganye mai ɗaci da ba ya ƙarewa ko da rani, suka gwada, suka karɓa. Ita ma kanwar baƙuwa ce a ƙasarmu. Daga gabas fatake ke kawo ta a kan jakuna, daga ƙasar Manga da Muniyo da gaɓar tafkin Chadi, ungurnu da jar kanwa da fara, ta bi kasuwannin Kano da Katsina kafin ta iso hannun mai koli a kasuwar ƙauye. Ashe kunun da ake dama wa mai jego a ƙuryar ɗaki yana rataye da fataucin da ya ratsa ɗaruruwan mil.

Shi kansa adadin arba'in ɗin abin dubawa ne. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka daga littattafan fiƙihunmu ya fito. Amma a mazhabar Malikiyya da muke bi, iyakar jinin biƙi kwana sittin ne, haka yake a Risala. Hanafawa da Hambalawa ne ke da arba'in. Duk da haka arba'in ɗin ce ta zauna a gidajenmu, kamar yadda ta zauna a Turkiyya da Maroko, da ƙasashen Latin Amurka inda ko Musulunci ba su bi. A Sin wata guda mai jego ke yi a ɗaki ana ɗura mata abinci mai ɗumi. A Tailan ma kusa da wuta ake kwantar da ita, kamar dai gadonmu na ƙasa. Likitocin zamani da suka tashi nasu lissafin sai suka tsaya a mako shida, kwana 42, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙirga duk matar da ta rasu cikin waɗannan kwanaki saboda ciki ko haihuwa a matsayin wadda haihuwa ta kashe. Mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba sun auna abu ɗaya, sun samu kusan amsa ɗaya: wannan ne lokacin da mahaifa ke ɗauka ta koma mazauninta, kuma wannan ne lokacin hatsari.

Tsofaffi kan ce kabarin mai jego a buɗe yake sai ta yi arba'in. Turkawa ma suna da wannan maganar. Abubuwan da suke tsoro sanannu ne, don sun sha ganinsu. Na farko jini, wanda kan ɓalle bayan an sauka, musamman in mabiyiya ta ƙi faɗowa ko ta fito ba duka ba. Sai zazzaɓi mai zafi da ke zuwa kwana biyu ko uku bayan haihuwa, da ciwon mara da jini mai wari. Sai jijjiga, wadda kan fara da ciwon kai da dishi-dishin gani, mace ta faɗi tana taune harshe, a ce iska ce ta buge ta. Sai nono ya kumbura ya yi tauri ya tara ruwa. Sai kuma wadda za ta daina barci, ta daina magana ko ta yi ta sambatu, ta ƙi karɓar jaririn, a tafi neman mai ruƙiyya. Sunayen da suka ba cututtukan da dalilan da suka jingina musu sun sha bamban da na asibiti, amma jerin kansa bai bambanta da wanda ke cikin littafin koyar da ungozomomin zamani ba.

A wani wurin ma hannunsu ya faɗa daidai ba tare da sun san dalili ba. A 1847 wani likita a birnin Biyana, Ignaz Semmelweis, ya nuna cewa hannun likitocin da ba su wanke ba ne ke kai wa masu jego zazzaɓin da ke kashe su a asibiti, abokan aikinsa suka yi masa ca. A daidai wannan zamani tsohuwar ƙauyenmu, da ba ta taɓa jin sunan ƙwayar cuta ba, ba ta barin wani ruwa ya taɓa mai jego sai wanda ya tafasa. Don gudun sanyi take yi, amma ruwan da ya tafasa ya fi na bakin rijiya tsabta ko da wace niyya aka dafa shi. Ita dai wannan tsohuwar ce kuma ke yanke cibi da askar da ba a dafa ba, ta matse dakashi ta zubar, wai nonon farko ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin farko na jariri.

Akwai kuma ciwo ɗaya da tsofaffi suka fi jingina wa sanyi, shi ne kumburi. A kansa ne al'adar jego ta shiga littattafan likitancin duniya.

A 1969 wani likita ɗan Birtaniya, Eldryd Parry, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a matsayin farfesan likitanci. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson suka lura da wani abu a ɗakin mata na asibitin koyarwa. Mata ne matasa, waɗanda ba su da tarihin ciwon zuciya, ake kawo su makonni kaɗan bayan haihuwa, ƙafafu da fuska da ciki a kumbure, suna haki, ba sa iya kwanciya sai a zaune, tari ya hana su barci. Zuciyarsu ta gaza. A Turai likita kan yi shekaru bai ga irin wannan ba. A Zariya cikin shekara uku suka tattara mata 224, kusan dukansu Hausawa, kuma suka ƙiyasta cewa cikin kowace haihuwa ɗari ta matan Hausawan garin, ɗaya na ƙarewa da wannan ciwo. Babu inda aka taɓa ba da rahoton yawa irin wannan a lokacin. Suka kuma ga cewa cutar na da lokacinta: ta fi yawa wajen watan Yuli, bayan zafin bazara, sa'ad da iska ta yi nauyi da laima.

Suka tambayi matan me suke yi a gida, aka faɗa musu: wanka, gado mai wuta, kunun kanwa. Da aka auna kanwar sai aka ga gishiri ce tsagwaronta, dangin sinadarin sodiyam ɗin da ke cikin gishirin miya, kuma wata mai jegon kan sha har giram 30 a rana. Daga nan bayanin ya haɗu. Gishiri na riƙe ruwa a jiki, jini ya ƙaru, ya yi wa zuciya nauyi. Zafi kuma na buɗe jijiyoyin fata, zuciya ta ƙara gudu don ta cika su. Ga mace ta fito daga wata tara na ɗaukar nauyi, galibi da ƙarancin jini, wata da hawan jini. An ɗora wa jakin da ya gaji kaya biyu a lokaci guda. Sun wallafa wannan a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1974, sannan cikakken rahoton a 1978. A 1979 John Sanderson da abokansa, da na'urar hoton zuciya, suka nuna cewa a yawancin matan na Zariya tsokar zuciyar ba ta lalace sosai ba, ruwa ne ya yi mata yawa. Shi ya sa da an ba su maganin fitar da ruwa ta fitsari da dama kan warware cikin kwanaki.

Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne yadda al'adar ke amsa alamun. In mai jego ta fara kumbura, a gida ana cewa sanyi ya shige ta, wankan bai yi zafi ba. Sai a ƙara itace, a ƙara kanwa. Uwa na ƙoƙarin ceton 'yarta da abin da, a lissafin likitocin, shi ke nutsar da ita.

Wannan bayani ya zauna daram shekaru masu yawa. Ɗaliban likitanci a ƙasashe da dama sun san sunan Zariya ta dalilinsa, har kalmar kanwa ta shiga littattafansu yadda take. A gida kuma ya zama jigon wayar da kai: a rediyo, a wurin awon ciki, ma'aikatan jinya na ta jan kunne a bar ruwan zafi, a bar kanwa. Likitocin fiɗa na Zariya suka ƙara da tasu shaidar, ta matan da ake kawowa da ƙuna a baya da mazaunai saboda ruwan da ya wuce kima. Sai gidajenmu suka rabu biyu, 'yar boko ta ce ruwan ɗumi ya isa, uwar miji ta ce ba a gidanta ba. Kusan kowace zuriya tana da labarin irin wannan takaddama.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba. A Yamai, wani likita Bafaranshe, Arnaud Cénac, ya bi masu irin wannan ciwo, a farkon shekarun 1990 ya ba da rahoton cewa jininsu na da ƙarancin wani sinadari, seleniyam, wanda jiki ke samu daga abinci, abinci kuma daga ƙasar da aka noma shi. An riga an san cewa ƙarancinsa na lalata zuciya, saboda wata cuta da aka gani a gundumar Keshan ta ƙasar Sin. A Sakkwato, binciken da Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka wallafa a 2007 ya samu kusan adadin Zariya, mace ɗaya cikin haihuwa 102. A Kano, Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da asibitin Malam Aminu Kano shi ma ya samu ƙarancin seleniyam a yawancin marasa lafiyarsa. Daga baya ya jagoranci bincike mafi girma da aka yi a kan cutar a Nijeriya, a asibitoci 22, da mata 406 masu ciwon, aka kwatanta su da masu jego lafiyayyu. Sakamakon ya fito a 2020. Har yanzu Arewa maso Yamma ce kan gaba. Amma da aka jera masu ciwon da lafiyayyun, wankan jego da kunun kanwa ba su ne suka raba su ba. Abubuwan da suka raba su su ne rama, da rashin karatun boko, da rashin abin yi, da hawan jinin masu ciki.

Kada mu yi saurin cewa an wanke kanwa. Gishiri gishiri ne, kuma matar da ke da hawan jini ko raunin zuciya ba ta da abin da za ta ƙaru da shi daga cokali bayan cokali na kanwa. Ruwan da ke saɓule fata ma babu mai kare shi. Tsakanin 1972 da 2017 kuma al'adar kanta ta yi sauƙi, gadon wuta ya kusa ɓacewa, ba mamaki abin da Parry ya gani da abin da Karaye ya gani ba su zama ciwo iri ɗaya sak ba. Abin da muke gani dai shi ne, an shafe kusan shekara hamsin ana nuna tukunya da yatsa, alhali matar da ke zaune a gabanta ta shiga ɗakin haihuwa da yunwa, an aurar da ita da wuri, ba ta taɓa ganin abin awon jini ba. Laifin tsohuwa da tukunyarta ya fi sauƙin faɗa a rediyo fiye da laifin rumbun da babu hatsi da asibitin da babu ma'aikaci.

Wani likitan na Zariya ya riga ya nuna wannan hanya. Kelsey Harrison, ɗan ƙasar Ribas, ya bi haihuwa 22,774 da aka yi a jere a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, ya wallafa a 1985. Ya samu cewa mutuwa ta taru ne a kan matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda sai abu ya ɓaci ake kawo su, da ƙananan 'yan mata masu cikin fari, da waɗanda suka haihu sau da yawa. Matar da ta yi karatu kuma ta je awo, ko a Zariyar wancan lokaci, hatsarinta kaɗan ne. Aikinsa na cikin abubuwan da suka kai ga taron Nairobi na 1987, inda duniya ta fara ɗaukar mutuwar mata wajen haihuwa a matsayin matsala mai zaman kanta.

Mu mutanen yammacin Katsina muna da namu abin tunawa a kan hanya. Duk wanda ya taso daga Wagini ya bi ta Batsari zai shiga Katsina, zai wuce Babbar Ruga. Asibitin kutare ne a da. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta a farkon shekarun 1980, sai ya tarar da wasu matan da su ma jama'a ke ƙyama, masu yoyon fitsari, waɗanda doguwar naƙuda ta huda musu mafitsara. Ya koma ɗinke su, ya yi wa dubbai aiki, yau wurin cibiya ce ta ƙasa. Yoyon kan bayyana ne cikin kwanakin farko na jego, galibi bayan an binne jaririn. Ita ma irin wannan matar ana dafa mata ruwa, ana dama mata kunu, sai dai babu ranar suna.

A shekarun baya-bayan nan magunguna sun samu, masu araha kuwa. A 2006 Nijeriya ta amince da ƙwayar misoprostol don tsayar da zubar jini bayan haihuwa, ƙwayar da ba ta buƙatar firji ko allura, har aka gwada raba ta ga masu haihuwa a gida a ƙauyukan Zariya. A 2008 aka shigar da allurar magnesiyam a asibitocin gwamnatin Kano don jijjiga, mutuwar masu ciwon ta sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 3. A 2023 wani babban gwaji a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Kano ke cikin jagororinsa, ya nuna cewa in aka shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke tara jinin, aka ba da magunguna gaba ɗaya da zarar ya kai iyaka, munanan sakamakon zubar jini na raguwa da kusan kashi 60 cikin 100. Iyakar kuwa rabin lita ce, cikin ledar ruwan sha guda ɗaya. Ido ba ya iya auna ta a kan zane da tabarma, kuma matar da jini ya ɓalle mata na iya tafiya cikin awa biyu.

Duk waɗannan a asibiti suke, ko a hannun wanda aka horar. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma kusan mata 16 ne kawai cikin 100 ke haihuwa a asibiti. Sauran a ɗaki suke durƙusawa, da yawa su kaɗai, don kunya ta ce kada a ji muryarki, sai an sauka a kira ungozoma ta yanke cibi. Hukumar Lafiya ta Duniya na son a duba mai jego sau huɗu: cikin awa 24 na farko, rana ta uku, tsakanin mako ɗaya da biyu, sai a mako na shida. Al'adarmu kuma ta ce ba ta fita ƙofar gida sai ta yi arba'in. Ranar da za ta fara fita yawon arba'in, ta ci ado ta zaga dangi, ita ce ranar da asibiti ke shirin rufe fayil ɗinta.

To amma in aka cire ruwan da kanwar aka duba abin da ya rage na jego, za a ga wani abu da asibitocin duniya ke ta neman yadda za su samar. Mace ce aka ɗauke wa daka da surfe da ɗebo ruwa da girki na tsawon mako shida. An ware mata nama a gidan da nama sai sallah. An nisanta ta da shimfiɗar miji. Sannan sau biyu a rana wata babbar mace, wadda ta ga haihuwa da yawa, tana ganin jikinta tsirara, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ita ce za ta fara ganin ƙafa ta kumbura, ta ji warin jini ya sauya, ta lura yarinyar nan ta yi shiru da yawa. Babu ma'aikaciyar lafiyar da za ta ziyarci mai jego sau tamanin. Abin da tsohuwar ta rasa shi ne fassarar abin da ta gani: cewa kumburi da haki na nufin a rage gishiri a nemi mota, cewa ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani na nufin a auna jini yau ba gobe ba.

Wannan gatan ne ke rushewa a ƙasarmu, kuma ba wayar da kai ce ta rushe shi ba. Dajin Rugu da muke shiga yanko itacen jego ya zama mazaunin 'yan bindiga. Magidanci ba ya nisa da gari da gatari. Ƙauyuka da yawa na Batsari da Safana sun watse, mutanensu suka kwarara cikin Batsari da Dutsinma da Katsina, wasu a makarantu, wasu a kangwaye, wasu a zauren dangi. Yarinyar da ya kamata ta tafi wanka gida, gidan babu kowa. Uwar tana wani gari, ungozomar da ta yanke wa ita kanta yarinyar cibi tana wani. Shanun da za a ci ƙaurinsu an kore su.

A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta fitar da dokar taƙaita zirga-zirga don matse 'yan bindigar. Dokar tsaro ce, ba a rubuta ta da mai jego a zuciya ba, amma kusan kowane sashe nata ya ratsa ta ɗakinta. An hana motoci ɗauko itace daga daji. An dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin Batsari da Safana da wasu, a yankin da ragon suna da naman jego daga nan suke fitowa. An hana babura na haya aiki daga shida na yamma zuwa shida na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daga. An jaddada hana mutum uku hawa babur ɗaya. Duk wanda ya taɓa fitar da mara lafiya daga ƙauye ya san mutum uku ake hawa: mai tuƙi a gaba, matar a tsakiya, wata a baya tana riƙe da ita kada ta faɗo. A watan Satumba aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, aka yi watanni ba a kira ba a amsawa.

An dawo da layukan daga baya, an buɗe kasuwanni. Hanyar dai har yanzu ba kowane direba ke yarda ya bi ta bayan magariba ba, jini kuma ba ya jiran gari ya waye. Matan da suka yi gudun hijira sun ci gaba da wankan yadda ya samu, da karan dawa, da gawayin awo, a tukunyar aro, wata sau ɗaya a rana, wata mako biyu ta haƙura. A gidajen haya na bayan garin Katsina akan ga maƙwabciya, wadda ba dangin iya ba na baba, ta karɓi damin ganyen ta yi wa baƙuwar yarinya wankan, don ta ji an ce daga wajen Wagini suka taso kuma uwarta ba ta samu fitowa ba.